Shafin printf da scanf na cppreference: tebur ɗin ya yi, amma akwai inda yake barin mutum a hanya

Duk wanda yake rubuta C ko C++ ya san babu wanda ya haddace haruffan printf mai buga rubutu a allo da scanf mai karanta abin da aka shigar gaba ɗaya, ko da ya shekara goma yana aikin. %d da %s da %f kowa na riƙe da su a ka, amma ranar da size_t, nau'in lambar da ake auna girma da shi, ta haɗa ka faɗa da kwamfaila mai juya kod zuwa firogiram, ko kana so lamba mai bit 64 ta fito daidai a Windows da Linux duka, to dole sai ka leƙa wani wuri. Yawancinmu cppreference muke leƙawa, gidan yanar da ke bayanin ƙa'idar C da C++, shi yasa na ce bari in yi sharhi a kan shafukan nan guda biyu kaɗai, na fprintf da na fscanf inda printf da scanf suke, ba duka gidan yanar ba, sannan in ɗan gwada su da man page na Linux, wato bayanin da ke fitowa in ka rubuta man a tamina, tunda shi ne abokin hamayyarsa na kusa. Hukuncina tun yanzu: tauraro 4 cikin 5. Ɗayan da na riƙe zan faɗi dalili, kuma ba ƙaramin dalili bane.

Kyauta ne, ba rajista, ka buɗe ka karanta kawai, kuma akwai kwafin da zaka sauke ka ajiye a kwamfuta don lokacin da babu intanet. Abu ɗaya da zaka lura da shi tun a bakin ƙofa shi ne shafin printf ɗin guda biyu ne, akwai na ɓangaren C akwai na ɓangaren C++, kuma in ka bincika a Google sau da yawa na C++ ne zai fara fito maka, wanda komai nasa yake farawa da std. Abin da ke ciki kusan ɗaya ne amma in C kake rubutawa ka tabbata kana ɓangaren C, saboda alamomin shekarun da ke gefe sun bambanta, can zaka ga C++11 nan kuma C99 da C11 da C23.

To mu je kan tebur ɗin, don shi ne dalilin da yasa ake zuwa. Kafin tebur ɗin shafin yana jera maka gaɓoɓin kowane umarni a yadda dole su biyo juna: alamar % da farko, sai tutoci in akwai, sai faɗi, sai ɗigo da lambar da ke bayansa, sai harafin girma, sai harafin ƙarshe wanda shi ne ainihin umarnin. Tutocin guda 5 ne a ƙa'idar C: - da + da sarari da # da 0. Wannan jerin kaɗai in ka riƙe shi rabin ruɗanin ya tafi, saboda abu kamar %-8.3f da yake kama da zagi zaka iya karanta shi gaɓa gaɓa, ture shi hagu, ba shi gurbi 8, lambobi 3 bayan ɗigo, double ce. Ka buga 3.14159 da [%8.3f] ka samu sarari 3 sannan 3.142 a cikin bakan. Ka buga 42 da %08d ka samu 00000042, da %+d ka samu +42. 255 da %#x ta zama 0xff.

Shi kansa tebur ɗin layukansa haruffan umarni ne, d da i da o da x da u da f da e da g da a da c da s da n da p, ginshiƙansa kuma haruffan girma ne, hh, h, babu komai, l, ll, j, z, t, L, kuma a kowace mahaɗa an rubuta maka ainihin nau'in da ake jira. Ka ɗora yatsa a layin u ka bi shi zuwa ginshiƙin z ka ga size_t, shikenan %zu ce amsarka, ka rufe shafi ka koma aiki. Ka bi layin d zuwa t ka ga ptrdiff_t. Inda haɗin bai halatta ba an rubuta maka babu. Wallahi wannan tsarin shi ne abin da man page ya rasa, a can an jera haruffan girma a sashe ɗaya da dogon bayani kowanne, haruffan umarni a wani sashen, kai zaka haɗa su a kanka, kana hawa kana sauka a tamina har ka manta me ya kawo ka. Bayanin duk yana nan a man page ɗin, ba wai babu ba, kawai dai an bar maka aikin haɗawa.

Kuma wannan haɗin ba kwalliya bane. printf bata san me ka miƙa mata ba, abin da ka rubuta a cikin jeren tsarin kaɗai take bi, in ka ce %d zata ɗebo int ne ko da long ka bayar, kuma ƙa'idar C ta ce in nau'in bai dace ba to komai na iya faruwa, ba ta yi maka alƙawarin komai ba. A Linux mai bit 64 long bit 64 ce, a Windows mai bit 64 kuwa long har yanzu bit 32 ce, don haka kod ɗin da ya buga int64_t da %ld lafiya lau a inji ɗaya zai iya fito da shirme a ɗayan. Maganinsa yana cikin inttypes.h, wato PRId64 da PRIu64 da 'yan uwansu, a ɓangaren karantawa kuma SCNd64. Rubutunsu mummuna ne gaskiya, sai ka rufe alamar zance ka saka PRId64 ka sake buɗewa, amma shi ne yake aiki ko'ina. Shafin ya ambace su a bayanan ƙasa kuma ya ba da mahaɗi zuwa nasu shafin, ni dai da ni ne da na hau da su sama kusa da tebur ɗin, don mutane da yawa basa kaiwa ƙasa.

Abu na biyu da na yaba shi ne ƙananan alamomin shekara da ake liƙa wa kowane abu. hh da ll da j da z da t duk C99 ce ta kawo su, haka %a da %F da ita kanta snprintf. C23 ta ƙaro %b don buga lamba a tsarin 0 da 1, abin da mutane suka shekara da shekaru suna rubuta wa kansu da madauki. Amfanin alamar shi ne in kana aiki da tsohon kwamfaila, ko ƙaramin allo irin na injiniyoyi mai ɗan guntun laburare, ka san tun wuri wane harafi ne zai iya ƙin aiki. Sai dai fa alamar tana gaya maka abin da ƙa'ida ta ce ne, ba abin da ke cikin injinka ba. %zu tana cikin ƙa'ida tun 1999 amma tsohon laburaren Microsoft bai gane ta ba na tsawon shekaru, shi yasa har yau zaka ci karo da %I64d da %Iu a tsofaffin kod na Windows. Ita ma %b, glibc, wato laburaren C na Linux, ta fara karɓarta a printf daga siga ta 2.35 a 2022, in injinka ya girmi haka to tebur ya ce akwai, injin ya ce bai san zancen ba.

Bayanin lambobi masu ɗigo ma ya yi kyau, musamman %g wadda mutane ke amfani da ita ba tare da sun san dokarta ba. In baka saka ɗigo da lambarsa ba sam 6 ake ɗauka, a %f da %e wannan 6 ɗin adadin lambobin bayan ɗigo ne, a %g kuwa adadin lambobi masu ma'ana ne gaba ɗaya, kuma tana share sifilin ƙarshe, kuma tana sauya salo da kanta in lambar ta yi girma ko ta yi ƙanƙanta. 100000 zata fito 100000, ka ƙara sifili ɗaya ta koma 1e+06. 0.0001 zata fito yadda take, 0.00001 ta koma 1e-05. Shafin ya rubuta dokar daidai, sai dai ya rubuta ta da harshen ƙa'ida, P da X da "in P ta fi X", irin wanda sai ka karanta a hankali da biro a hannu. Misalai 4 irin waɗanda na kawo yanzu da sun gama zancen. Wannan ɗabi'ar duka shafin ce, daidai yake amma baya lallashin kowa, kuma Turancin nasa na lauyoyin C ne ba na malamin aji ba.

Akwai ƙananan abubuwa da na san a nan mutum zai fara ganinsu in ya natsu ya karanta cikin akwatunan tebur ɗin. Lambar bayan ɗigo tana aiki a kan %d ma, %.3d na 7 zai ba ka 007, kuma in ka saka ta to tutar 0 ta daina aiki. %.0d na sifili baya buga komai, ko harafi ɗaya. A kan %s faɗi baya yanke rubutu, %5s zata buga maka haruffa 20 in 20 ka bata, wadda ke yankewa ita ce %.5s. Sannan tauraro, %*d ko %.*s, inda kake miƙa faɗin a matsayin int daga cikin kod maimakon ka rubuta shi da hannu, kuma %.*s ce hanya mafi tsafta ta buga guntun bafa, wato gurbin memorin da aka ajiye rubutu, da bashi da sifilin rufewa a ƙarshe. Int fa take jira ba size_t ba, sai ka juya nau'in da kanka.

Wani abu da shafin ya faɗa a taƙaice kuma ya cancanci a ja masa layi: abin da %s ke ƙirgawa bayit ne ba haruffan da ido ke gani ba. A UTF-8 harafi irin ƙ ko ɗ bayit 2 ne, don haka in kana jera sunaye a ginshiƙi da %-10s layin da ke da ƙ zai gaza da gurbi ɗaya ginshiƙin ya karkace, kuma %.3s na iya yanke harafi a tsakiyarsa ya bar maka alamar tambaya a allo. Babu tutar da ke gyara wannan.

Yanzu ga inda tauraro ɗaya ya tafi. printf na shafinta, scanf na shafinta, kowanne da tebur ɗinsa mai kyau, kuma teburan sun yi kama sosai har idonka zai ce ai abu ɗaya ne. Ba abu ɗaya bane, kuma babu inda aka ajiye maka su kafaɗa da kafaɗa aka ce ga haruffan da suke canza ma'ana in ka tsallaka. Kamar tagwaye ne masu kaya iri ɗaya hali daban, kai da kanka zaka gano wanne ne wanne. Kuma mafi yawan wahalar da masu koyo ke sha da scanf daga nan take fitowa, sun koyi harafi a printf sun ɗauka haka yake a ɗayan.

Ɗauki %f. A printf %f double take bugawa, in ka bata float ma lafiya, saboda duk float ɗin da aka miƙa wa aiki mai karɓar abubuwa ba adadi ana ɗaga ta zuwa double kafin ta isa, kuma tun C99 %lf ma halal ce a printf, ma'anarsu ɗaya. A scanf kuwa adireshi kake miƙawa, babu wata ɗagawa, %f na nufin adireshin float mai bayit 4, %lf na nufin adireshin double mai bayit 8. Ka karanta double da %f, scanf ta rubuta bayit 4 a cikin gurbin 8, ka buga ka ga wata lamba da ba ita ka shigar ba, kuma firogiram ɗin bai faɗi ba balle ka san akwai matsala. Duka bayanan biyu suna cikin teburan, gaskiya ne, double a wancan, float da tauraro a wannan, amma sai wanda ya buɗe shafi biyu ya gwada akwati da akwati zai kama.

Ɗauki %i. A printf %d da %i babu bambanci ko kaɗan. A scanf %d goma-goma kaɗai take karantawa, %i kuwa tana duba farkon lambar ta zaɓi tsari, 0x1A ta karanta 26, 010 ta karanta 8 don ta ɗauke ta a tsarin takwas-takwas. To ka yi tunanin kana karɓar wata ko awa da %i mutum ya rubuta 08, zata karanta 0 ta tsaya, saboda babu 8 a tsarin takwas, ta bar 8 ɗin a layi tana jiran karatu na gaba. Daga 01 zuwa 07 komai lafiya, sai an zo 08 da 09 abin ya watse, irin kwaron da zai kwanta wata bakwai kafin ya tashi.

Tauraro ma haka. A printf yana nufin ɗauko faɗi daga kod, a scanf yana nufin karanta ka zubar, %*d ta cinye lamba bata ajiye ta ko'ina ba kuma bata shiga ƙirga. Wannan ya jawo babu hanyar miƙa wa scanf girman bafa daga cikin kod yadda ake yi a printf, dole ka rubuta lambar da hannu a cikin jeren tsarin, ko ka fara gina jeren da snprintf. Faɗin ma kansa ya juye, a printf mafi ƙarancin gurbi ne, a scanf mafi yawan abin da za a karanta ne. Kuma bai haɗa da sifilin rufewa ba, bafa mai gurbi 20 %19s take so. %s tsirara babu lamba a scanf kuwa bata da birki, duk tsawon abin da aka rubuta sai ta zuba shi a memori, daidai take da gets wadda C11 ta cire daga ƙa'ida gaba ɗaya saboda wannan halin. Shafin ya faɗi batun ƙarin gurbi ɗaya a cikin akwatin %s da murya ɗaya da yadda ya faɗi komai, alhali wannan layin ya kamata ya zama ja.

Batun sarari kam sun kyauta, yana cikin bayanan ƙasa har da misali. Kusan duk haruffan scanf suna tsallake sarari da alamar sabon layi kafin su fara karatu, banda uku: %c da %[ da %n. Shi yasa in ka karanta lamba da %d sannan ka nemi harafi da %c sai ka ga kamar firogiram ya tsallake tambayar, ai bai tsallake ba, Enter ɗin da aka danna bayan lambar ce %c ta ɗauka. Sarari ɗaya kafin alamar, wato " %c", ya kashe matsalar. Abin da zan ƙara shi ne kishiyarsa, kar ka saka \n a ƙarshen jeren scanf don ka saba da printf, domin duk wani sarari a jeren yana nufin ci gaba da cinye sarari har sai ka ga abin da ba sarari ba, sai mutum ya yi ta danna Enter firogiram ya yi tsit yana jira.

%[ ita ce abin da scanf ke da shi printf bata da shi, kuma bayaninta a shafin ya fi na wurare da yawa. %[^\n] ta karanta har ƙarshen layi da sararin ciki duka, %[^,] ta karanta har waƙafi. Sun ma faɗi abin da mutane basu sani ba, cewa rubuta %[0-9] da nufin daga 0 zuwa 9 ba ƙa'idar C ce ta tabbatar ba, an bar wa kowane laburare ya yanke, duk da dai manyan laburaren suna gane shi. Ita ma tana buƙatar lambar faɗi kamar %s.

Sai abin da scanf ke dawowa da shi, adadin abubuwan da ta samu ta ajiye, ko EOF in shigarwa ta ƙare kafin ta fara. An rubuta shi a fili amma babu wanda ya nuna maka me zai faru in ka yi biris da shi. Ka nemi %d mutum ya rubuta abc, ta dawo da 0, bata taɓa canjin ka ba, kuma abc ɗin na nan a layi bata cinye ba, in a cikin madauki kake sai ya yi ta juyawa har abada a kan abc ɗin nan. In kuma lambar da aka rubuta ta fi ƙarfin int, nan ma ƙa'ida ta wanke hannunta, babu kuskuren da aka yi maka alƙawarin za a sanar. A nan man page na Linux na kwanan nan ya fi ƙarfin hali, ya fito ƙarara ya ce waɗannan ayyukan suna da wuyar amfani daidai, gara ka karanta layi ɗungum da fgets ko getline sannan ka fasa shi da sscanf ko strtol. cppreference baya ba da irin wannan shawarar, shi dai ga ƙa'ida ga abin da ta ce. Wasu zasu ce ai aikinsa kenan kuma ban musa ba, amma mai koyo da ya faɗo shafin daga Google bai san akwai wata shawara da aka ɓoye masa ba.

Kan %n sun yi magana, sun ce masu kutse na yawan harinta, layi ɗaya ko biyu. Ita %n bata buga komai, rubutawa take yi, tana ɗaukar adadin haruffan da aka buga zuwa yanzu ta ajiye a adireshin da aka bata. To in ka rubuta printf(saƙo) maimakon printf("%s", saƙo) kuma saƙon daga waje ya zo, wanda ya turo shi ne yanzu yake rubuta maka jeren tsari, da %x zai leƙa abin da ke cikin memori, da %n zai rubuta a ciki. Ba tatsuniya bace, a shekarar 2000 an fasa sabobi da yawa masu amfani da manhajar tura fayil ta wu-ftpd ta wannan hanyar, daga nan ne duniya ta farka da wannan nau'in ramin. Shi yasa Microsoft ta kashe %n sai ka kunna ta da kanka, glibc kuma in an haɗa kod da _FORTIFY_SOURCE=2 zata tsayar da firogiram in ta ga %n a jeren da ke cikin memorin da ake iya rubutawa. Waɗannan bayanan na laburare ne don haka ba a shafin zaka tarar da cikakkensu ba. Kuma in daga Java ka fito ka yi hattara, a can %n sabon layi take nufi, a C kar ka kuskura.

Wannan ya kawo ni kan iyakar shafin, shi ƙa'idar ISO yake bi, abin da POSIX ko GNU suka ƙara sai dai ya ambata a wuce. Sake jerin abubuwa da %1$s da %2$d, wanda masu fassara manhaja basa iya aiki babu shi tunda harsuna basa jera jimla iri ɗaya, an ambace shi a ƙasa a gurguje. Tutar ' mai raba dubbai, %m ta glibc da ke buga saƙon kuskure na errno ba tare da ka miƙa mata komai ba, %ms a scanf da ke ware maka memori da kanta sai kai ka yi free daga baya, duk waɗannan man page ne gidansu. Haka halayen laburare, kamar yadda glibc ke buga nil a baka in ka ba %p adireshin banza, ko null in ka ba %s. Kar ka dogara da na biyun nan, ƙa'ida bata halatta shi ba, kuma GCC na iya mayar da printf("%s\n", p) zuwa puts(p) a ɓoye, ita kuwa puts faɗuwa zata yi. In zaka buɗe man ɗin ka rubuta man 3 printf, in ka bar 3 ɗin na umarnin shell zai fito maka, wani abu ne daban, kuma a Debian da Ubuntu sai ka saka manpages-dev kafin sashe na 3 ya samu.

scanf_s da printf_s ma suna saman shafin a jere da sauran kamar kowa na da su, da alamar C11. Ƙaramin rubutu ne ke gaya maka ba dole bane laburare ya samar da su, kuma glibc bata da su, don haka mai Linux da ya kwafi misali da scanf_s kwamfaila zai ce masa bai san ta ba. Suna kuma ƙara wa saman shafin tsawo, sai ka wuce jerin ayyuka kusan takwas kafin ka iso abin da ka zo nema.

A kwamfuta shafin na buɗewa da sauri, rubutu ne zalla. A waya kuwa tebur ɗin ya fi allo faɗi nesa ba kusa ba, ginshiƙai 9 ga dogon bayani a tsakiya, kana jan shi dama harafin da kake bi ya ɓace a hagu, sunayen ginshiƙan kuma sun tsere sama, amfanin tebur ɗin gaba ɗaya ya tafi. Misalin da ke ƙasa yana da kyau, firogiram ɗaya ne da ya taɓa rubutu da haruffa da lambobi da masu ɗigo, ga abin da ya buga a ƙarƙashinsa, kuma akwai maɓallin da zaka danna ka gyara kod ɗin ka gudanar da shi a burawuza. Ni nan nake ba masu koyo shawarar su fara, su canza lamba su ga me ya canza, su buga 0.1 da %.20f su ga 0.10000000000000000555 da idonsu, su buga 2.675 da %.2f su ga 2.67 ba 2.68 ba, sannan su hau sama su karanta dalili.

Wa zan tura shafin? Wanda ya riga ya san printf yana neman wane harafi ne na wane nau'i, shi kam babu kamarsa, daƙiƙa kaɗan ya samu amsa. Wanda yake rubuta kod da zai yi aiki a Windows da Linux da macOS ma nan ya kamata ya tsaya, tunda abin da ke tebur ɗin shi ne abin da ƙa'ida ta amince da shi. Mai aiki a Linux kaɗai ya haɗa da man 3 printf da man 3 scanf. Sabon shiga kuwa ya buɗe shafukan biyu gefe da gefe kar ya karanta ɗaya ya ɗauka ya gama, kuma ya kunna -Wall da -Wformat=2 a GCC ko Clang, domin kwamfaila na karanta jeren tsarin ya gwada shi da abin da ka miƙa, zai kama maka %d da aka ba long da %f da aka ba adireshin double tun kafin ka gudanar. In kuma ka rubuta naka aikin mai karɓar jeren tsari, irin na rubuta rahoto a fayil, ka liƙa masa __attribute__((format(printf, 1, 2))) shi ma a riƙa duba shi haka. %i da 08 da kuma %s marar lamba dai waɗannan tutocin ba zasu ce maka uffan a kansu ba, don a wajen kwamfaila nau'in ya dace.